Ƙarin jijiya: Yawancinsa ba daji ba ne, amma ba na askar wanzami ba ne

Daga cikin tambayoyin da masu saurare suka fi aiko mana a filin kiwon lafiya na gidan rediyo akwai tambayar ƙullutu. Wani ya ce wani abu kamar ƙwayar gyaɗa ya fito masa a damtse shekara uku ke nan, ba ya ciwo, amma idan buhu ya bugi wurin sai ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi har yatsu. Wata ta ce tun da ta yi cikin fari ƙananan ƙullutai suka feso mata a baya da ƙirji, har maƙwabta sun fara raɗe-raɗin kuturta. Wani kuma kunnensa guda ne ya riƙa mutuwa a hankali, ga wata ƙara a ciki dare da rana. Da yawa daga cikin masu waɗannan tambayoyi ƴan kasuwa ne masu kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Dungas da Maigatari, ko Gaya da Kamba, mutanen da zaman layi a asibiti ke yi wa wuya, domin ranar da aka rufe rumfa ranar asara ce.

A ido waɗannan larurori uku ba su yi kama da juna ba, to amma a wajen likitoci suna iya zama ƴan gida ɗaya, wato ƙarin da ke tsirowa daga rigar jijiya. Labari mai daɗi shi ne mafi yawansa ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Sai dai duk da haka yana iya raba mutum da hannunsa, ko kunnensa, ko ƙafarsa, musamman idan aka kai masa aska ba da sani ba, ko aka yi sakaci da shi har ya danne abin da bai kamata ya danne ba.

Jijiya da rigarta

Bahaushe na kiran abubuwa da dama jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda ake soka wa allura idan za a yi ƙarin ruwa. Akwai jijiya mai tauri da ke ɗaure nama da ƙashi, irin wadda mahauta ke fama da ita a kan tebur. Sannan akwai jijiyar saƙo, wadda ita ce muke magana a kanta. Ita wannan daga ƙwaƙwalwa da laka ta taso, ta rarrabu ta shiga kowane lungu na jiki. Ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓawa, ita ce kuma ke dawo da umarni ga hannu ya damƙe ko ƙafa ta taka.

Duk mai sayar da kayan wuta ya san cewa wayar lantarki ba ta tafiya tsirara, sai da roba a jikinta. To haka jijiyar saƙo take, tana da riga. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne ke nannaɗe ta, suna kare ta, suna kuma taimaka wa saƙo ya yi gudu. Wani masani Bajamushe mai suna Theodor Schwann, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1882, shi ne ya fara bayyana su, shi ya sa har yau ake kiransu da sunansa.

Wani lokaci waɗannan ƙwayoyi sukan samu tangarɗa a cikin halittarsu, sai su yi ta hayayyafa fiye da kima a wuri guda, har su taru su zama ƙari. Ba abinci ke kawo wannan ba, ba kuma ɗaukar kaya mai nauyi ba. Bambancinsa da daji shi ne ba ya tashi daga inda yake ya bazu zuwa huhu ko hanta, kuma girmansa a hankali ne, yakan ɗauki shekaru. Illarsa daga matsi take zuwa. Ƙari mai girman goro a cinya yana iya zama shekara ashirin bai hana mutum komai ba, alhali mai wannan girman a cikin ƙoƙon kai ko a gefen laka yana iya kwantar da shi.

Iri biyu da ya kamata a sani

Na farko likitoci na kiransa shuwanoma, daga sunan masanin nan da muka ambata. Yawanci guda ɗaya tak yake fitowa, kuma an fi ganinsa ga manya, matasa da magidanta. Wuraren da ya fi so su ne wuya, da hannu, da bayan gwiwa, da gefen ƙashin baya, da jijiyar kunne. Yana da ƴar jakarsa da ta rufe shi, kuma a gefen jijiyar yake zama yana ture zaruruwanta, kamar tsakuwar da ta maƙale a cikin igiya. Wannan ne ya sa ƙwararren likitan fiɗa ke iya buɗe rigar ya ɓare shi kamar yadda ake ɓare gyaɗa daga ɓawonta, ya bar jijiyar tana aikinta. Idan aka cire shi duka, da wuya ya dawo, kuma da wuya ƙwarai ya rikiɗe ya zama daji.

Akwai alamu biyu da likitoci ke dubawa tun kafin a ɗauki hoto. Ta farko, idan aka ɗan ƙwanƙwasa ƙullutun da yatsa, mai shi kan ji tsiri-tsiri ko jan wuta yana bin hannun ko ƙafar zuwa ƙasa. Ta biyu, ƙullutun yana gocewa gefe da gefe idan an tura shi, amma ba ya tafiya sama ko ƙasa, domin a jikin jijiya yake ɗaure. Ƙullutun kitse, wanda ya fi yawa a cikin jama'a, ba ya yin haka, kaluluwa ma ba ta yi.

Na biyu shi ne nurofibroma. Shi wannan a tsakiyar zaruruwan jijiyar yake cakuɗewa, kamar ƙaron da ya narke a cikin igiya, saboda haka raba shi da jijiyar ya fi wuya. Wanda ke fitowa a fata yana da laushi, idan ka danna shi sai ya lotsa ciki, ka saki ya dawo. Akwai kuma wani babba da ake haihuwar yaro da shi, wanda ke bin rassan jijiya yana yaɗo, idan an taɓa shi a ji kamar an cusa igiyoyi a jaka. Shi ne ke kumbura gefen fuska ko fatar ido, ko ya sa fata ta zubo tana reto a kafaɗa ko cinya.

Wanda ke bin jini

Mutum na iya samun nurofibroma guda ɗaya ya ƙare rayuwarsa da shi ba tare da wata larura ba. To amma idan suka yi yawa, akasari alama ce ta wata larura ta gado da ake kira nurofibromatosis nau'i na ɗaya, a taƙaice NF1. A takardun likitocin da suka yi karatu da Faransanci za a ga an rubuta cutar Recklinghausen, sunan likita Bajamushe da ya yi cikakken bayaninta a 1882. A 1990 ne masana suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta.

Larurar ba ta da ƙaranci kamar yadda ake zato. Ƙiyasin da likitoci ke aiki da shi a duniya shi ne kusan mutum 1 cikin kowane 3,000, ba tare da bambancin launi ko ƙabila ko jinsi ba. Idan muka bi wannan lissafi, garin da ke da mutum dubu 30 zai iya samun kamar mutum goma, ƙasa kamar Nijar kuwa mai mutane sama da miliyan 25 za ta haura mutum dubu takwas.

Alamar farko ba ƙullutu ba ce, tabo ne. Tun yaro na goye ake ganin wasu tabubbuka shafaffu a jikinsa, waɗanda iyaye kan ɗauka tawadar Allah ce kawai. Likitoci na kiransu kafe-ole, saboda a farar fata launinsu kamar na kofi da madara yake, amma a fatarmu sukan fito ne sun ɗan fi sauran jiki duhu. Tabo ɗaya ko biyu ba komai ba ne, mutane da yawa na da su. Abin lura shi ne idan sun kai shida ko fiye, kowanne ya haura milimita 5 ga yaro, wato ya ɗara ƙwayar dawa, ko milimita 15 ga wanda ya balaga, kamar faɗin farcen babban yatsa. Bayan su sai ɗige-ɗige a hammata da matsematsi. Su kuwa ƙullutan fata sai wajen balaga suke fara fitowa, kuma sukan ƙaru lokacin da mace ke da juna biyu.

A nan akwai abin da ya kamata magidanta su fahimta da kyau, domin ya sha raba aure. Gadon NF1 ba irin na sikila ba ne, wadda wasu ke kira emasi. Ita sikila sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita sannan yaro ya kamu. NF1 kuwa ɗaya daga cikin iyaye ya isa, ko uwa ko uba, kuma kowane ciki rabi da rabi ne, yaron na iya gada, yana iya tsira. Gwajin jinin da ake yi kafin aure don sikila ba ya nuna ta, auren zumunci kuma ba shi ke kawo ta ba. Bugu da ƙari, kusan rabin masu larurar ba su gada daga kowa ba, a kansu ta fara. Saboda haka mijin da ya ɗora wa matarsa laifi, ko dangin da suka ce ba jininsu ba ne, sun yi zalunci ba da hujja ba. Har ila yau a gida ɗaya uba na iya samun ƴan tabubbuka kawai, ɗansa kuma ta yi masa tsanani.

Yaron da ke da NF1 na buƙatar a riƙa kai shi wajen likita ko da sau ɗaya a shekara, ko da lafiyarsa lau. Ana duba idanunsa, domin ƙari kan fito wa wasu a jijiyar gani tun suna ƙanana. Ana auna hawan jini, domin larurar kan kawo shi ko ga yara. Ana duba ƙashin baya kada ya karkace, da ƙashin ƙwauri kada ya lanƙwashe. Kusan rabin irin waɗannan yara sukan sha wuyar karatu, ko a lakwal ko a makarantar allo, ba don taurin kai ba, saboda haka bulala ba za ta gyara ba, sai haƙuri da maimaici. Mata masu larurar kuma su riƙa duba mamansu tun da ƙuruciya, domin haɗarin dajin mama ya fi yawa a gare su kafin shekara hamsin.

Ba kuturta ba ce

Babban abin da ke damun masu wannan larura a ƙasashenmu sau da yawa ba ciwon jiki ba ne, ƙyamar jama'a ce. Mai sayar da fura ko tuwo ko nama, da zarar ƙullutai sun bayyana a hannunta ko fuskarsa, sai masu saye su koma rumfar gaba. A tasha a ƙi zama kusa da shi, a gida a ware masa ƙwarya. Dalili shi ne ana zaton kuturta ce ko wata cuta mai yaɗuwa.

Gaskiya ne kuturta ma jijiya take kamawa, tana kumbura ta, kuma wani nau'inta na fitar da ƙullutai a fuska da kunnuwa, shi ya sa ake rikita su. Amma ita ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tabonta yakan yi haske ko ja-ja, kuma ba ya jin taɓawa. Tabon NF1 duhu yake yi, kuma yana ji kamar sauran jiki. Kuturta na warkewa da magani na wata shida ko goma sha biyu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kyauta tun 1995, kuma wanda ya fara shan maganin ba ya yaɗa ta. Cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi ta daɗe tana wannan aiki, ma'aikatan irin waɗannan wurare kuma sun ƙware wajen bambance su. Shi kuwa ƙarin jijiya babu ƙwayar cuta a cikinsa ko kaɗan. Ba a ɗaukarsa ta musabaha, ko cin abinci tare, ko kwanciyar aure, ko kuɗin da ya fito daga hannun mai shi.

Wannan ƙyama ba a nan kaɗai take ba. A watan Nuwamban 2013 hoton Fafaroma Faransis ya zagaya duniya lokacin da ya rungumi wani ɗan Italiya da ƙullutan NF1 suka rufe wa fuska, abin da ya sa jama'a da dama suka fara jin sunan larurar. A Ingila kuma akwai Adam Pearson, mai irin wannan larura, wanda ya zama sanannen ɗan wasan fim. An kuma ware ranar 17 ga watan Mayu ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Idan kunne ɗaya ya fara mutuwa

Ɗan kasuwar yau rabin cinikinsa a waya yake, daga jin farashin naira da sefa zuwa bin sawun motar kaya. Shi ya sa sau da yawa a waya ake fara gane wannan larura. Mutum ya saba kara waya a kunnen dama, sai ya lura ya koma hagu, domin a daman yana jin murya amma kalmomin ba sa fita. Daga nan sai ƙara a kunnen kamar kukan gyare, sai ɗan tangaɗi idan yana tafiya cikin duhu.

Yawancin masu irin wannan kuka dauɗar kunne ce, ko tsohon ciwon kunne mai ruwa, ko ƙarar injin niƙa da janareto. Amma a cikinsu akwai waɗanda shuwanoma ce ta tsiro a jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa, can cikin ƙoƙon kai inda ido ba ya gani. Girmanta a hankali ne, galibi milimita ɗaya ko biyu a shekara, wata ma takan tsaya cak. To amma wurin matsattse ne. Idan ta ci gaba da girma sai ta danne jijiyar fuska, gefen fuskar ya yi dindiris, daga baya ta toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, a samu ciwon kai mai tsanani da amai da dishi-dishin gani. A wannan mataki rai na cikin haɗari, duk da cewa ba daji ba ne.

Kusan duk masu wannan ƙari a kunne ɗaya yake kama su. Idan ya kama duka biyun, musamman ga saurayi ko budurwa, to wata larurar gado ce daban da aka sani da NF2, wadda ba ta kai NF1 yawa ba ko kusa, kuma ya kamata a duba sauran ƴan gidan.

Akwai masu cewa wayar salula ce ke kawo wannan ƙari. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda aka fitar a 2024 bayan tattara binciken shekaru masu yawa, bai samu alaƙa tsakanin amfani da waya da ƙarin jijiyar kunne ba.

Haka nan ƙarin kan tsiro a jijiyoyin da ke fitowa daga laka. Ciwon baya dai abokin ƴan dako da direbobi ne, kuma mafi yawansa na gajiya ne. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya ƙi tafiya wata da watanni, ya fi tsanani da dare idan an kwanta, yana harbawa zuwa ƙafa ɗaya ko ya zagayo haƙarƙari kamar ɗamara, sannan ƙafa ta fara nauyi, takalmi na fita ba a sani ba.

Aska, sakiya da maganin tebur

Ba mu raina sana'ar wanzamai ba, kowa ya san matsayinsu a cikin al'umma. Amma ƙarin jijiya ba maruru ba ne, babu mugunya a cikinsa da za a yi wa sakiya ta fita, ba kuma mataccen jini ba ne da ƙaho zai zuƙe. Nama ne, kuma a jikin jijiya mai rai yake. Askar da ta shige shi tana iya tsinke jijiyar, jijiyar saƙo kuwa idan ta tsinke ba ta haɗewa kamar fata. Sakamakon shi ne yatsun da ba sa damƙa, ko tafin hannun da ba ya jin zafin wuta, ko ƙafar da ake ja, wani lokaci har abada. Ɗan kasuwar da hannun damansa ya mutu, da me zai ƙirga kuɗi, da me zai ɗaure kaya? Shi kuwa babban nan mai yaɗo cike yake da jijiyoyin jini, ko a ɗakin tiyata sai an tanadi jini kafin a taɓa shi. Yanka shi a zaure na iya zama ajali.

Haka nan ɗaure ƙullutu da zare don ya faɗi, ko shafa masa toka da kanwa ko ruwan batir, ba ya haifar da komai sai gyambo. Ko a ƙaramin asibiti ma, idan an ce za a cire maka ƙullutu nan take ba tare da hoto ba, ka gaya wa ma'aikacin cewa yana jan ka kamar wuta idan an taɓa shi. Wannan kalma kaɗai ta isa ta sa mai ilimi ya ajiye wuƙa ya rubuta maka takardar zuwa gaba.

Sai kuma maganin tebur. Kasuwanninmu cike suke da ƙwayoyin kashe ciwo, da tramol, da maganin ɗigawa a kunne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke narkar da ƙari. Abin da suke yi shi ne su rufe ciwon, mutum ya ci gaba da harkarsa, ƙarin na ci gaba da tasa, ga kuma illar ƙwayoyin ga ciki da ƙoda, ga jarabar da tramol ke sawa.

Alamun da ba a jira ranar kasuwa ta wuce

Ga masu NF1, likitoci sun ƙiyasta cewa tsakanin mutum 8 zuwa 13 cikin ɗari ƙarinsu kan rikiɗe ya zama daji a tsawon rayuwa, kuma kusan kullum daga manyan nan na cikin jiki ne, ba ƙananan na fata ba. Wannan daji mugu ne, maganinsa kuma shi ne a cire shi da wuri. Saboda haka duk mai ƙari ya lura da waɗannan: ƙullutun da ya daɗe shiru sai ya fara girma cikin makonni, wanda yake da laushi ya koma tauri, ciwon da ba ya lafawa har yana tayar da mutum daga barci, ko sabon rauni ko mutuwar wani sashen jiki. Haka kuma riƙewar fitsari ko kubcewarsa tare da nauyin ƙafafu, da ciwon kai da amai ga wanda kunnensa ɗaya ya mutu. Waɗannan ba a cewa sai an sauke kaya ko sai bayan salla. A bar wa yaro rumfa a kama hanya.

Abin da asibiti ke yi

A fara da asibitin da ke kusa, majo ko likita ya duba ya rubuta takarda. Hoton ƙashi, wanda a wannan gefen muke kira radiyo, ba ya nuna irin wannan ƙari sosai. Eko na taimakawa ga na hannu da ƙafa. Wanda ya fi nuna shi fes shi ne na'urar IRM, wadda a Najeriya ake kira MRI, kuma a manyan asibitoci kawai ake samunta. Ga matsalar kunne ana fara wa da gwajin ji.

Ba kowane ƙari ake yi wa aiki ba. Idan ƙarami ne kuma ba ya damun mai shi, likita na iya cewa a bar shi a riƙa auna shi lokaci-lokaci, wannan kuma ba wulaƙanci ba ne, hanya ce ta magani. Idan yana ciwo, ko yana girma, ko yana kashe jiki, sai tiyata, kuma wajibi ne a kai abin da aka cire ɗakin bincike a tabbatar da irinsa. Aikin na cikin kai yana da haɗari ga jijiyar fuska da sauran jin da ya rage, kuma haɗarin na ƙaruwa ne da girman ƙarin, wanda shi ne babban dalilin zuwa da wuri. A ƙasashen da suka ci gaba ana tsayar da ƙananan na kunne da wani haske mai ƙarfi ba tare da yanka ba, dabarar da likita Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro. Ga manyan nan masu yaɗo da ba sa yankuwa, Amurka ta amince da maganin sha mai suna Koselugo ga yara a 2020, da wani mai suna Gomekli ga manya da yara a 2025. Suna rage girman ƙarin ga da yawa daga masu sha, amma ba sa kawar da larurar, ga su da tsadar gaske. Duk wanda ya ce yana da su a tebur ko a bayan mota, ƙarya yake yi.

Likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa da jijiya a manyan birane suke. A Yamai akwai su a babban asibitin ƙasa. A ƙetaren iyaka akwai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai cibiya ta musamman kan wannan fanni, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Ga mutumin Ƙonni Sakkwato ta fi Yamai kusa, haka Kano take ga mutumin Maraɗi ko Damagaram. Ko ina za a je, a riƙe takardu da hotuna duka a leda guda, na Faransanci da na Ingilishi, domin likita na karanta hoto ko da bai ji harshen takardar ba, kuma tsohon hoto shi ke nuna masa ko ƙarin na girma. Wanda ya yar da nasa zai sake biya. A kuma tambayi kuɗin hoto da na aiki tun farko a fara tanadi, ko ta adashe ko ta ƙungiyar ƴan kasuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kiranmu na ƙarshe ga shugabannin kasuwa ne da sarakunan tasha da masu unguwanni. Kusan kowace babbar kasuwa tana da mai irin wannan larura, wani yana dako, wata tana talla, wani ya daina fitowa saboda kallo. Idan shugaba ya zauna ya ci abinci a rumfarsa, ya miƙa masa hannu a gaban jama'a, ya yi abin da shirye-shiryenmu goma na rediyo ba za su yi ba. Idan kuma an ga yaro da tabubbuka shida, ko abokin ciniki da ke juyo maka kunne ɗaya kullum, a ba shi shawara ya je a duba shi tun abin bai yi nisa ba. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.